Takardar da ta Faɗo daga Hulata

Sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya iso da kaka, an gama girbin gero ana jiran dawa ta nuna. Na karɓo shi a Kankara, na buɗe a bakin hanya, na karanta sau uku ko zai canja, bai canja ba. A Hausa da Turanci da tarihi na yi abin kai. Lissafi da bayoloji da ƙyar na sha. Kemistiri da fiziks kuwa, waɗanda su ne ƙofar karatun likita, na faɗi warwas. Daga Kankara zuwa ƙauyenmu da ke bayan Yargoje ba wata tafiya ba ce a keke, amma ranar turo keken na yi da hannu, don ba na son in isa.

Likita nake son zama, kuma kowa a gidanmu ya sani, don ni bakina ya fi ni sauri. Abin ya shige ni tun ina aji biyu, ranar da ƙaba ta murɗe Baba a gona, aka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan motar auduga ta kai shi asibiti a Funtua. Mu a gida har mun fara kukan rabuwa. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, yana faɗan an bar ciyawa ta cinye masa gyaɗa. Tun ranar na ce aikin da aka yi wa Baba shi zan koya.

Shekarun nan kuwa ba na haƙuri ba ne. Arzikin man fetur ya shigo, gwamnati tana buɗe makarantun firamare a kowane lungu, ana neman malamai ruwa a jallo. Duk wanda ya taka sakandare, ya ci ko ya faɗi, aiki na jiransa. Abokan da muka faɗi tare ba su yi wata guda a gida ba suka kama koyarwa. Kafin ka ce kwabo sun hau babur, sun rataya rediyo mai kaset, in sun wuce ni a hanya su danna mini hon, su ce, "Likita bokan Turai, a ba mu maganin ciwon kai mana!" Ina murmushi, amma a raina ina musu fatan tayarsu ta yi faci.

Na iske Baba a zaure yana gyara ƙotar magirbi. Na durƙusa na ce, "Baba, sakamako ya fito. Biyu na faɗi, kuma su ne ake nema."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To, mi za a yi ke nan?"

Na ce ana sake zama, in na gyara biyun nan za a ɗauke ni a makarantar share fagen shiga jami'a, daga can sai karatun likita. Ya daɗe yana buga ƙotar a ƙasa kafin ya ce, "Daga kakar ga zuwa wata kaka na ba ka. Yayanka shi riƙe maka aikinka na gona. In ka ci, Allah shi sa albarka. In ba ka ci ba, ka ɗauki alli ka tahi aji kamar 'yan'uwanka, kada in ƙara jin zancen likita cikin gidan ga."

Baba ba ya magana biyu. Tun daga wannan zaure tsoro ya kama ni, kuma bai sake ni ba sai da shekara ta zagayo. In na ga an ɗaure dawa an kai rumbu, sai in ce wata ɗaya ya tafi. In na ga an fara sharar gona, sai gabana ya faɗi.

Wanda Allah ya haɗa ni da shi wani malamin gona ne a Kankara, mutumin Sabuwa, dogo mai yawan dariya, wanda ya yi kimiyya sosai kafin ya kama aikin gona. Kullum bayan azahar nake buga keke in same shi a gindin maina kusa da sito na takin zamani. Ranar farko ya yi mini tambayoyi biyar, ban amsa ko ɗaya ba. Ya ce, "Kai ai ba faɗuwa ka yi ba, tun farko ba ka tashi tsaye ba." Na ji haushi ƙwarai, amma gaskiya ya faɗa. A makaranta na iya laɓewa da cewa malaman kimiyya ba sa zama, wannan ya zo wancan ya tafi. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ƙwallo da muhawara sun ci rabin lokacina, sauran rabin kuma hadda na yi ta yi ba tare da na gane komai ba.

Da buhun taki ya fara. Ya nuna mini haruffan da ke jikin buhun ya ce in gaya masa abin da kowane yake nufi, da abin da yake yi wa masara, da dalilin da wani takin ke narkewa a hannu da damina wani kuma ba ya narkewa. Daga nan muka koma littafi, shafi bayan shafi, ba tsallake. In na yi kuskure sai ya sa in sake tun daga sama, yana cin gyaɗa yana kallona. Sau da yawa na yi niyyar jifa da littafin. Wajen wata na biyar sai na wayi gari abin ya fara buɗe mini, ina kallon tambaya ina ganin hanyarta. Maimakon in samu natsuwa sai tsoron ya ƙaru, don yanzu akwai abin da zan yi asara.

Inna tana ganin duk wannan. Ni ne autanta, ba ta kunyata kamar yadda take kunyar yayana, kuma ta ga na rame, tuwo sai in taɓa in ture. Wata safiya ta tare ni a ƙofar ɗakina da ƙwarya, ta ce, "Ungo auta, rubutu ne na buɗa ƙwaƙwalwa, shanye da bisimilla."

Da na karɓa na shanye, da ban rubuta wannan labari ba. Amma lokacin ina ji da boko, kuma tsoro kan sa mutum rashin kunya. Na ce, "Inna, bara ma na sha, me ya hana ni faɗuwa? Ni yanzu karatu nake yi. Don Allah a daina kawo mini rubutu da laya, ba na so."

Ta tsaya da ƙwaryar a hannu tana dubana. Ta ce, "Allah shi shirya," ta juya. Ba ta ƙara kawo mini komai ba, ni kuwa na ɗauka na yi maganin abin. Ban san uwa ba.

Ana saura mako biyu jarrabawa ta tafi suna Tafoki, wajen danginta, ta kwana biyu ta dawo. Ranar da zan tafi Funtua, inda za mu zauna jarrabawar a wata sakandare, ta kawo mini kayana a wanke a ninke, da hulata a bisa. Hula ce mai shafi a ciki, wadda nake sawa ranar Juma'a. Ta ce, "Wagga za ka riƙa sawa, ta hi yi maka kyau." Na karɓa na yi godiya, hankalina yana can wajen littafi.

Fiziks muka fara yi, na fito ina jin na yi abin kirki. Kemistiri ta faɗo ranar wata Laraba da rana, a ƙarshen bazara, hadari ya haɗu ya ƙi zubowa. Zauren rufin kwano ne, mun fi mutum ɗari a ciki, zafi kamar a bakin murhu. Da aka ce mu buɗe takarda na duba tambayoyin, sai na ji hawaye na neman zubo mini, don kusan duk na san su. Na yi ta farko, na yi ta biyu, na shiga ta uku. Gumi yana ɗiga a kan takardata, sai na cire hular na fara fifita da ita da hannun hagu, na dama yana rubutu.

Ban ji faɗuwar komai ba. Takalmi kawai na gani ya tsaya kusa da teburina. Mai tsaron layinmu wani malami ne ɗan bautar ƙasa, mutumin kudu, wanda tun shigarmu yake zagayawa ba ya zama. Ya sunkuya ya ɗauki wata 'yar takarda a ƙasa, an ninke ta ƙanana, an naɗe da baƙin zare. Ya dube ni, ya dubi hular da ke hannuna. Ni ma na dubi hular. Shafin ya buɗe ta gefe ɗaya, ga ɗinki manya-manya da ya warware, irin ɗinkin mai raunin ido. Nan take na san hannun da ya yi shi.

Ya tsinke zaren ya warware takardar a gaban kowa. Hatimi ne, wato zanen nan na malamai mai gida-gida, kowane gida da lamba ko harafin Larabci a ciki, ga rubutu ƙanana ya kewaye shi. A garinmu ko yaro ya gani ya san laya ce da ba a kai wa baduku ya rufe da fata ba. Shi kuwa bai taɓa ganin irinta ba. Abin da ya gani shi ne jadawali cike da lambobi, a cikin hular ɗalibi, a tsakiyar jarrabawar kemistiri. Ko ni ne a matsayinsa abin da zan zata ke nan.

Ya ce da Turanci, da ƙarfi, "Tashi tsaye! Mene ne wannan?"

Na tashi. Duk Turancin da nake taƙama da shi a muhawara ya gudu ya bar ni. Na ce addu'a ce. Ya ce addu'a da lambobi? Na ce ban san tana ciki ba. Ya yi wata dariya mara daɗi, ya janye takardar amsata, ya rubuta lambata a littafinsa. Zauren ya yi tsit, alƙaluma sun tsaya, ido ya fi ɗari a kaina.

Shugaban masu tsaron, wani dattijo Bahaushe mai furfura a gemu, ya taso daga gaba. Yana ganin takardar ya runtse ido, ya ce a hankali, "Innā lillāhi." Ya ja mu gefe, ya yi wa ɗan bautar ƙasar bayani, ya karanta masa rubutun layi-layi, ya ce babu kemistiri ko ɗigo a ciki. Mutumin ya saurara, ya ce ya ji, amma doka ta ce duk takarda mai rubutu da aka samu a jikin ɗalibi sai an kai rahoto, kuma kowa ya gani, in ya yi shiru shi za a tuhuma.

Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce. Wallahi ban sani ba."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Na yarda da kai. Amma ni ba ni ne mai hukunci ba. Zan rubuta abin da na sani in haɗa da rahoton, sauran sai addu'a. Koma ka ƙarasa."

Aka mayar mini da takardata bayan an ja mata jan layi a sama. Na zauna. Tambayar da na bari rabi tana nan tana kallona, amma kaina ya zama fanko. Sai da na ciji yatsa na ji zafi sannan na tuna inda na tsaya. Na rubuta abin da na iya, rubutun kamar tafiyar kaza. Ina fita na zagaya bayan zauren na yi amai.

A motar komawa gida na shirya maganganun da zan faɗa wa Inna, masu zafi, na jera su ɗaya bayan ɗaya. Ina shiga gida ta taso da sauri har zanenta na harɗe ta, ta karɓi jakata, idonta a kan hular. Da muka shiga ɗaki ta ɗauke ta ta shafa cikinta, ta ji wayam. Ta dube ni a tsorace kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Ta ce, "Ka gan ta ke nan? Kada ka yi hushi auta. Na ga ba ka so, shi ya sa ban hwaɗa maka ba. Ba ka dai yar da ita ba ko?"

Duk maganganun nan suka maƙale. Na ce, "Ban yar ba, Inna. An adana ta."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Kahin ka gama ko bayan ka gama ka gan ta?"

Na ce, "Ina cikin yi."

Ta ce, "To, ai ta riga ta yi aikinta."

Malamin gona kaɗai na gaya wa. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya haɗiye ta. Ya ce hukuncin iri uku ne: ko su karɓi bayanin dattijon su saki sakamakon, ko su soke kemistiri kaɗai, ko su soke duka su hana ni sake zama na wasu shekaru. Na ce wanne ya fi zato? Ya ce, "Kada ka sa ni ƙarya."

Daminar nan ban san yadda ta wuce ba. Na koma gona ina noma kamar mai biyan kaffara, yayana har yana tsokanata wai likita ya fi manomi iya fartanya. Da adireshin ofishin malamin gona na cika fom, saboda haka kowace ranar kasuwar Kankara sai na je na leƙa, in ya hango ni ya girgiza kai tun daga nesa, in juyo. In na ga baƙon babur ya nufo ƙauyenmu sai in ce ga 'yan sanda nan an turo a kama ɓarawon amsa. Kalmar nan, ɓarawo, ita ta fi ci mini rai. A ce ɗan gidanmu ya faɗi, an saba ji. A ce ya yi sata kuwa, Baba ba zai ƙara zama a sahun gaba a masallaci ba. Inna ita kuwa sai walwala take, tana ƙara mini man shanu a tuwo, tana ce wa maƙwabta saura kaɗan.

An fara girbin gero wasiƙar ta zo. Malamin gona bai girgiza kai ba ranar, ya miƙo mini ambulan ya kau da fuska. Fiziks na ci da kiredit mai kyau. A gaban kemistiri babu maki, sai 'yar alama, a ƙasa kuma an yi bayani cewa an soke ta saboda an same ni da takarda a zauren jarrabawa. Ba su hana ni sake zama ba. Amma kaka ta zagayo, kuma kemistiri ba ta gyaru ba.

Ban shiga gida ba, gona na wuce, don na san Baba yana can shi kaɗai yana duba dawa. Na durƙusa a cikin kunya na gaya masa komai, tun daga ƙwaryar da na ƙi karɓa har zuwa jan layin. Ina magana ina jiran ya ce in je in ga hedimasta gobe. Ya tsaya riƙe da karan dawa, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce, "Malamin gona kaɗai."

Ya ce, "Uwarka fa?"

Na ce, "Ba ta sani ba."

Ya saki karan dawar. Sannan ya ce, "Ba za ta sani ba. In ta ji ita ta kashe maka karatu, ba ta ƙara ɗaga kai cikin gidan ga, ni na san ta. Ka ji ko? Duk wanda ya tambaye ka, ka ce ƙwaƙwalwarka ce ba ta ja ba."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Na ƙara maka kaka guda. Ban taɓa tashin maganata ba, yau ka sa na tashe ta. Tashi ka ba ni wuri."

Shekarar da ya ƙara mini ita ce ta kai ni inda nake so, amma ranar ban san haka ba. Abin da na sani shi ne zan shiga gari a matsayin wanda ya faɗi sau biyu, masu babur za su samu abin faɗa na shekara guda, kuma ba ni da bakin kare kaina.

Na iske Inna a tsakar gida tana sheƙar gero. Ta ajiye faifan tana murmushi, ta ce, "Ya hito?"

Na ce, "Ya fito, Inna. Ɗaya na ci, ɗaya na sake faɗi. Kaina ne bai ja ba."

Murmushin ya ɗauke. Ta zauna a kan turmi. Sai ta ce, "A'a. Ba kanka ba ne, ni na ga karatun da ka yi. Malamin Tafoki ne bai iya aiki ba, dama an hwaɗa mani ya tsuhwa. Akwai wani can Sabuwa, an ce nashi ba ya kuskure. In Babanka ya bari ka sake, biyu zan sa shi rubuta maka."

Na dubi hannuwanta, duk ƙaiƙayi, a kan gwiwarta. Na matsa na durƙusa a gabanta.

Na ce, "To, Inna, a rubuta. Amma don Allah wannan karon ki ba ni a hannuna."